Go, Gogan Aikatau

Jama'a, ku gyara zama, yau hirar gogan za mu yi. Duk wanda ya taɓa kaiwa tsakar dare da ƙamus a cinya, ba jarrabawa a gabansa, ba aikin gida, sai son abin kawai, ya san akwai shafin da in ido ya faɗa kansa sai mutum ya mance kalmar da ta kawo shi. Nawa shafin shi ne na “go” a cikin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda mu nan Kausani ba ma wahalar da baki, Oksifod kawai muke ce masa. Haruffa biyu rak, gaɓa ɗaya tal, ɗan aji ɗaya na firamare ma ya san shi tun daga “go to school”. Amma bari ya sami ɗan rakiya, wata 'yar mitsitsiyar kalma irin su on, off, out, over, under, through ta tsaya a bayansa, sai ka ga ɗan aikatau ɗin nan ya rikiɗe, ya zama fashewa, ya zama ruɓewa, ya zama karyewar jari, ya zama neman aure, ya zama juriya. Kai, abin sai wanda ya gani!

Nawa kwafin bugu na 7 ne, na shekarar 2005, na hannu na saye shi a wurin masu tsoffin littattafai a Sabon Gari cikin Kano. Bangonsa ya tattare, wani ɗalibi da ya riga ni mallakarsa ya bi wasu shafuka da jan biro, amma ko a jikina. Na rungume abina a mota har Wudil, na hau babur zuwa gida, bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma na kunna fitila. Wata kalma daban na shiga nema a harafin G, ido ya sauka kan go, shi ke nan. Ma'ana bayan ma'ana, kowacce da lambarta, kowacce da ɗan kanun da ke nuna maka inda ta dosa, sannan rukunin karin magana mai alamar IDM, sannan can ƙasa, inda romon yake, rukunin PHR V, wato phrasal verbs, aikatau da 'yan rakiyarsa, an jero su bi da bi cikin baƙin rubutu mai kauri kamar an fito da kayan lefe. Ban ɗaga kai ba sai da batirin fitilar ya ce ga garinku nan. Da gari ya waye na koma na tarar har wannan mutuwar fitilar ma gogan yana da sunanta: “The lamp went out.”

Mu fara da “go off”, don ni dai shi ne zakaran gwajin dafi. Ƙararrawar waya ta kaɗa da asuba: “The alarm went off.” An ɗauke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo: “The light went off.” Kun gani? Ɗaya farawa, ɗaya tsayawa, kuma kalmomin nan biyu ne dai ba su canza ba. Naman da aka bari ya kwana cikin zafin bazara ya soma wari: “The meat has gone off.” Bindigar maharbi ta tashi ba shiri: “The gun went off.” Abokinka da ba ya rabuwa da teburin mai shayi ya wayi gari ba ya ko son ƙamshinsa: “He has gone off tea.” An yi ɗaurin aure, jama'a ta watse ba wanda ya taka wani: “The wedding went off well.” Yanzu ku saurari kunnenku na Hausa. Mu ma ai cewa muke bindiga ta tashi, taro ya tashi lafiya, shayi ya fita ransa. Tashi da fita, barin inda ake, rabuwa da halin da ake ciki, wannan shi ne ruhin off, kuma Bahaushe ya riga ya san shi tun a zanin goyo. Ranar da na gane haka sai da na tashi tsaye.

Sai “go on”, ɗan'uwansa mai sanyin hali, mai daɗin mu'amala, mai shiga ko'ina a karɓe shi. Malam ya ga ɗalibi ya tsaya yana in-ina a karatu, sai ya ce “Go on”, ci gaba. Ka iso majalisa ka tarar an yi cirko-cirko, sai ka ce “What is going on?”, wace wainar ake toyawa? An kawo wuta yara sun ɗau ihu: “The light went on.” Mai mita ta kama zance ɗaya tun hantsi har la'asar: “She went on and on.” Amma inda nake so ku dube shi da kyau shi ne wurin nan mai santsi da masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB ke matuƙar ƙauna. “He went on talking about the farm” na nufin bai daina zancen gonar ba, yana ciki har yanzu. “He went on to talk about the farm” kuwa na nufin ya gama wani zancen, daga nan ya shiga na gona. Tsakanin ing da to, tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ma'ana ta yi hannun riga. Gwanin ban sha'awa!

Wanda ke son ganin up da down suna aiki, ya bi ni kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya shiga kara. Ana saura mako biyu Babbar Sallah, dillali ya dafa ƙahon rago ya faɗi kuɗin da zai sa ka ja da baya: “Prices have gone up.” Bayan sallah kasuwa ta yi sanyi, farashi ya sauko: “Prices have gone down.” Wannan mai sauƙi ne, hawa da sauka ne irin namu. Amma down ba ya tsayawa nan. Rana ta faɗi, “the sun has gone down”. Damina ta yi tsakiya, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yaro, “he has gone down with malaria”, ga kwanciyar nan ɓaro-ɓaro a cikin kalmar. Dattijo ya yi nasiha a wurin sulhu ta ratsa kowa, “his advice went down well”, kamar kunun tsamiya mai ɗumi da ya bi maƙogwaro salin-alin. Daga nan ka gangara bakin kogi ka tsaya kusa da masu kwalekwale, “go under” zai zo maka da kansa: abin da ya nutse ruwa ya rufe shi. Shi ya sa ɗan kasuwar da bashi ya sha kansa har ya rufe shago ake cewa “his business went under”. Mu mu ce jari ya karye, su su ce ya nutse. Duka biyun akwai tausayi a ciki.

Akwai kuma waɗanda nake kira masu mutunci, don halin mutanen kirki suke bayyanawa. “Go round”: ranar suna an fito da goro, uban jariri ya matso yana raɗa, “Is there enough to go round?”, zai ishi kowa kuwa? “Go without”: uwa ta haƙura da nata rabon don yara su ƙoshi, “she went without”, kalmomi uku kacal, amma wanda ya tashi a gidan da aka taɓa yin haka ya san nauyinsu. “Go through”: wanda ya sha wuya, ya ratsa ta cikinta ya fito, “he has gone through a lot”. Wannan “go through” ɗin dai shi ne kuma bin takarda layi-layi kafin ka miƙa wa mai sa ido a ɗakin jarrabawa, kusa da “go over”, wato bita. Sannan ga “go for”, sarkin zafin nama: kare ya yi kukan kura ya afka wa baƙo, “the dog went for him”, ka duba atamfofi biyu ka zaɓi shuɗiyar, “I will go for the blue one”, abokai suna zuga ka ka nemi gurbin karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, “Go for it!”

Masu rakiya biyu kuwa, a nan ne nake cire hula. “Go back on”, “go through with”, “go along with”, “go in for”. Dattijo ba ya magana biyu, in Bature zai faɗi haka sai ya ce ba ya “go back on his word”, ba ya juyawa ya tattake maganar da ya riga ya shimfiɗa. Dubi hoton, don Allah! Sannan a ɗora with a kan “go through”, nan take ya tashi daga shan wuya ya koma cika abin da aka ƙudurta duk da gaba na faɗuwa: an sa ranar tiyata, tsoro ya kama mutum, amma ya daure aka yi, “he went through with it”. Kalma ɗaya aka ƙara, jarumta ta shigo.

Ga masu son nahawu irina, akwai wani daɗin na daban. Ɗan rakiyar nan wani lokaci bayanau ne, adverb, yana tsayawa shi kaɗai ya rufe jimla: “Prices went up.” Wani lokaci kuma preposition ne, sai ya jawo suna a bayansa: “We went up Dala Hill.” Up ɗin dai guda ne, aikin ne biyu. Kuma ga kyautar da go ya yi wa ɗalibi wadda sauran ba su yi ba. Su put da turn da take suna yarda a raba su da ɗan rakiyarsu a cusa karɓau a tsakiya, “turn it off”, “put it on”, shi ya sa Oksifod ke sa musu 'yar kibiya mai kai biyu don ya nuna maka ana iya juyawa. Go kuwa ƙi-karɓau ne, ba ya sakin hannun abokin tafiyarsa. “Go over it” ne kullum, ba a taɓa cewa “go it over”. Ka huta da wannan ciwon kan gaba ɗaya. Ɗan halak!

To, ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Sau nawa muka ji ɗalibi a lasin yana cewa phrasal verb ba shi da kan gado, sai dai a haddace? Ni kuwa cewa nake Bahaushe ne ya fi kowa cancantar ya ji daɗinsa, domin mu ma muna da gogan namu, sunansa “ci”. Ci gaba, ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci zaɓe, ci sarauta, ci mutunci, ci jarrabawa, ci tara. A cikin waɗannan duka wa ya tauna wani abu ya haɗiye? Ga “sha” nan ma: sha wuya, sha iska, sha kaye, sha alwashi. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya duba “ci”, zai ga abin da Baturen da ke koyon Hausa ke ji, shi ne daidai abin da muke ji a gaban go. Ba wanda ya zaunar da mu ya ba mu jerin “ci” mu haddace. A bakin iyaye muka tsince shi, a kasuwa, a dandali, kowanne tare da wurin da ake faɗarsa. Haka go ma yake so a bi da shi.

Kuma ku dubi yadda harsunan biyu suka raba aiki, abin ya burge ni ƙwarai. Inda Turanci ya riƙe aikatau ɗaya yana sauya masa ɗan rakiya, Hausa sai ta ba kowace alƙibla nata aikatau: “go out” fita, “go in” shiga, “go back” koma, “go up” hau, “go down” sauka, “go past” wuce, “go across” haye, “go round” zagaya. Sannan ta ɗauki sauran aikin ta liƙa a wutsiyar kalma, abin da ɗaliban Hausa suka sani da giredin aikatau, tsarin nan mai hawa 7 da F. W. Parsons ya fitar a 1960. Fita, fito, fice, fitar. Shiga, shigo, shige, shigar. Wasalin o ɗin nan shi kaɗai ya juyo da tafiyar wajenka, aikin da sai Turanci ya ajiye go ya ɗauko come kafin ya yi shi. Har wa yau, “I am going to buy a ram” ba lallai mai maganar ya ɗaga ƙafa ba, niyya ce kawai ta nan gaba. Mu fa? “Ina za ka?” “Za ni Wudil.” Wannan “za” ta tafiya ita ce dai ta “zan saya”, “za mu gani”. Harsuna biyu da ba dangin iya ba na baba, kowanne ya ɗauki tafiya ya auna gobe da ita. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji Hausawa, ashe har a nahawu.

Tarihin go ma abin a zauna a saurara ne. Kun taɓa tambayar kanku me ya haɗa go da went, alhali ko harafi ɗaya ba su yi tarayya ba? Went asalinsa na wani aikatau ne daban, wend, wajen ƙarni na 15 ya ture tsohuwar siffar da go ke amfani da ita ya gaje kujerar. Aro ne ya zama gado. Su kansu Turawan sun daɗe da sanin 'yan rakiyar nan na ba baƙo wuya: Samuel Johnson ya yi maganar haka a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, sunan phrasal verb kuwa littafin Logan Pearsall Smith na 1925 ne ya yaɗa shi. Amma gwarzona shi ne A. S. Hornby, malamin da ya koyar da Turanci a Japan, ya ga da idonsa inda ɗalibin da ba harshen uwarsa ba ne yake tuntuɓe, ya zauna da abokan aikinsa suka tsara ƙamus domin irinmu. A Tokyo aka fara buga shi a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Oxford ta fitar da shi a 1948, aka kuma fitar da bugu na 10 a 2020. A 1975 kuma A. P. Cowie da Ronald Mackin suka ware juzu'i guda sukutum kan aikatau da 'yan rakiyarsa kaɗai. Aikin mutanen nan ya yi albarka, tun da ga shi ya iso har tabarmata a Kausani.

Mu ma nan Najeriya ai mun yi wa gogan hidima. A Ingila “go-slow” ma'aikata ne ke jan ƙafa a wurin aiki don nuna fushi. Da ya iso hannunmu sai ya zama cunkoson motoci, har Hausa ta yi masa riga ta ce gosulo. Wanda ya taɓa maƙalewa a gadar Wudil da yammacin Juma'a, tireloli maƙare da shanu a gaba, motocin Maiduguri da Bauchi a baya, masu tallan rake da ruwan leda suna ratsawa, ya san wannan suna ya dace. A Turancin buroka kuma go ya zama “za” ɗinmu sak: “I go come.” Ina son wannan ƙwarai, don yana nuna kalmar tana da rai, duk ƙasar da ta sauka sai ta yi saiwa.

Ƙorafi kan Oksifod? Akwai, don ba a rasa nono a ruga. Na farko, rubutun ya yi ƙanana ainun, ga takarda shara-shara, in fitila ba ta da ƙarfi sai idanu sun yi ruwa. Na biyu, an tura rukunin PHR V can ƙarshe, sai ka ratsa ma'anoni da karin magana kafin ka iso, ɗalibi mai gaggawa sau da yawa yakan juya tun bai kai ba, ya ce babu. Na uku, misalan na can ne, rayuwar Ingila da sanyinta da jiragen ƙasanta, yaron da ya tashi tsakanin gero da dawa sai ya yi tafiya biyu kafin ya kama ma'ana ɗaya. Ga jabun kwafi da suka cika kasuwa, tawada ta dushe, wasu shafukan a juye. Sannan ina jin takaicin yadda muke raina waɗannan kalmomi, muna ganin sai an ce continue, explode, investigate, experience ne aka fasa Turanci. Dogon Turanci yana da ranarsa, ban musa ba, amma Turancin da masu shi ke yi a gida da kasuwa da gidan rediyo, su “go on” da “go off” da “go into” ne ƙashin bayansa. Kuma har yanzu ina jiran ranar da wani malami daga Bayero ko daga nan Wudil zai ba mu ɗan littafi na go da takwarorinsa na Hausa, ya ɗora a kan harsashin da Neil Skinner ya kafa a 1965 da Roxana Ma Newman a 1990 da ƙamusoshinsu na Turanci zuwa Hausa. Ranar da ya fito, ni ne farkon layi.

Kafin nan, ga abin da muke yi a majalisarmu ta teburin mai shayi, ku ma ku gwada. Kowace Juma'a mukan ɗauki ɗan rakiya guda, wannan makon off, na gaba through, kowa ya shiga harkarsa da shi a aljihu. Da dare a haɗu, kowa ya kawo jimla ɗaya daga abin da idonsa ya gani ranar, a kara ne, a gada ne, a gida ne, sannan ya kawo yadda kakarsa za ta faɗe ta da Hausa. In gardama ta kaure sai a buɗe Oksifod ya raba. Makon jiya wani ƙanenmu da ke shirin JAMB ya dawo daga kasuwa ya ce buhun masara “has gone down”, wani ya ce a'a, a wurin da ya taya “it has gone up”, aka kwashe rabin sa'a ana musu kan farashi, da Turanci, ba wanda ya lura darasi ake yi. Da mai shayi ya ga wutar murhunsa ta mutu ya ce a tashi haka nan, yaron nan ya waiwaya ya dubi tokar ya ce, “It has gone out.” Ba wanda ya koya masa a daren. Sannu ba ta hana zuwa, 'yan'uwa. Ku buɗe harafin G, ku gangara har ƙasa, ku gaida mini gogan.